Sukari da gishiri a ruwan mai gudawa: ina tantanin ƙwayar halitta ya shigo ciki?

Malamar Bayoloji:
Assalamu alaikum, 'yan uwa malamai da ma'aikatan lafiya. Ina koyar da 'yan aji ɗaya na babbar sakandare darasin tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta, sai wata ɗaliba ta kawo tambayar da nake ganin ta cancanci a baje ta a wannan zaure. Ta ce tun da na koya musu cewa ruwa yakan ratsa tantani daga ɓangaren da gishiri ko sukari ya yi ƙaranci zuwa ɓangaren da ya yi yawa, to don me ake ba mai gudawa ruwan gishiri da sukari? A lissafinta, wannan haɗin zai zauna a cikin hanji ya jawo ruwan jiki zuwa gare shi, gudawar ta ƙaru. Ina roƙon waɗanda suka fi ni sanin abin su warware mana shi tun daga tushe, yadda za a iya maimaita wa ɗan shekara goma sha biyar ya gane.

Malamin Aikin Gona:
Wa alaikumus salam, Malama. Yarinyar nan tana da kai, kuma ni ina bayanta. Duk manomin da ya taɓa zuba takin zamani da yawa a gindin masara ba tare da isasshiyar laima ba ya san abin da ke biyo baya: ganye ya yi yaushi, a ce taki ya ƙone shuka, alhali ba wuta aka sa ba, ruwan saiwa ne takin ya tsotse. Abin da na ɗauka tun da daɗewa shi ne gishirin yana mayar da wanda jiki ya zubar, sukarin kuwa don ƙarfin jiki ne da kuma don yaro ya yarda ya sha. Idan haka ne, ana iya barin sukarin ma gaba ɗaya idan babu shi a gida.

Ɗalibin Likitanci:
Malam, a gafarce ni, amma wannan magana ta ƙarshe tana da haɗari. Sukarin ba don ɗanɗano aka sa shi ba. A jikin tantanin ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin ƙaramin hanji akwai wani furotin da ake kira SGLT1, wanda ba ya shigar da sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, sai tare da gulukos, wato wani nau'in sukari, ba ya kuma shigar da gulukos sai tare da sodiyam. Idan aka cire sukarin, an rufe wannan hanya ke nan.

Tsohon Malamin Kimiyya:
Ɗana, amsarka daidai ce, amma ka fara gini daga rufi. Wanda bai san abin da aka yi tantanin da shi ba, ba zai ga dalilin da zai sa gishiri ya buƙaci furotin kafin ya shiga ƙwaya ba, tun da a idonsa gishiri abu ne da ke narkewa ya bi ko'ina. Bari mu koma baya kaɗan.

Tubalin tantanin wani nau'in maiƙo ne da ake kira fosfolifid, mai kai ɗaya da wutsiya biyu. Kan yana ɗauke da sinadarin fosfet, yana jituwa da ruwa. Wutsiyoyin kuwa dogayen sarƙoƙi ne na kabon da haidirojin waɗanda ba sa gauraya da ruwa ko kaɗan. To ga ruwa a cikin ƙwaya, ga ruwa a wajenta. Mafita ɗaya ta rage wa irin wannan abu: ya jeru sahu biyu, kawuna suna fuskantar ruwan ciki da na waje, wutsiyoyi sun haɗu a tsakiya inda ruwa ba ya kai musu. Babu wanda yake jera su, kuma babu ƙarfin da ake kashewa. Da kansu suke yin haka da zarar sun tsinci kansu a ruwa, shi ya sa ƙaramar huda a tantani takan rufe da kanta. Kaurin duka bai wuce nanomita 7 zuwa 8 ba, nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Madubin hangen ƙananan halittu irin na makarantunmu ba ya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200, saboda haka layin da ɗalibai suke gani a gefen ƙwayar albasa bangon ƙwayar ne, ba tantanin ba.

Abin da nake so a riƙe shi ne tsakiyar tantanin mai ce zalla. Iskar oksijin da ta kabon dayoksaid ƙanana ne kuma ba su ɗauke da caji irin na lantarki, suna wucewa ba tare da neman izini ba. Barasa ma haka, da magunguna masu narkewa a mai. Amma sodiyam da kuloraid, waɗanda su ne suka haɗu suka zama gishirin miya, da kuma fotasiyam suna ɗauke da caji, kowannensu kuma yana yawo ne da ƙwayoyin ruwa manne a jikinsa, don haka shiga cikin mai ya gagare su. Gulukos ba shi da caji, amma ya yi girma kuma ya cika son ruwa. Tun a shekarun 1890 wani masani mai suna Ernest Overton, yana aiki a Zurich, ya lura cewa gwargwadon yadda abu ke narkewa a mai, gwargwadon saurin shigarsa ƙwaya, sai ya ce lalle shingen nan na maiƙo ne, tun babu na'urar da za ta nuna masa shi.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:
Allah ya ƙara lafiya, Baba Malam. Zan ƙara da abin da ake gani da ido a wurin aikinmu. Idan aka ɗiga jini a cikin ruwan gishiri mai kashi 0.9 cikin ɗari, irin wanda ake ƙara wa marar lafiya a jijiya, cakuɗin yakan zama ja mai duhu-duhu, ba a hango rubutu ta bayan kwalbar, domin jajayen ƙwayoyin suna nan lafiya lau suna tare haske. Idan aka ɗiga jinin a ruwa zalla, kafin a ƙirga ashirin sai ya koma ja garau kamar an tace shi, ana karanta rubutu ta cikinsa. Ruwa ne ya kwarara cikin ƙwayoyin, suka kumbura suka fashe, jan sinadarin da ke cikinsu ya watse. Idan kuma gishirin ya yi yawa, a ƙarƙashin madubi za a ga ƙwayoyin sun motse sun yi tsini-tsini a gefe. Wannan ne dalilin da ya sa ba a taɓa ɗaura wa mutum ruwa zalla a jijiya.

Jajayen ƙwayoyin nan ne ma suka fara tona asirin sahu biyun da Baba ya ambata. A 1925 wasu masana biyu a ƙasar Holan, Gorter da Grendel, suka tatso maiƙon jajayen ƙwayoyin jini, suka shimfiɗa shi a saman ruwa sahu ɗaya, suka auna faɗinsa, sai suka samu ya ninka faɗin fatar ƙwayoyin sau biyu. Sun zaɓi waɗannan ƙwayoyi ne domin na ɗan Adam da na dabbobi masu shayarwa ba su da cibiya ko wani tantani na ciki da zai rikita lissafi. Daga baya aka gano ba su tatse maiƙon duka ba, kuma sun rage faɗin ƙwayoyin a ƙiyasinsu, amma kurakuran biyu suka cinye juna, amsar ta fito daidai.

Malamin Aikin Gona:
To ai ga inda kuka ɗaure ni. Baba Malam ya ce tsakiyar tantani mai ce, mai kuwa ba ya shiri da ruwa. Kai kuma ka ce ruwa yana kwarara cikin ƙwaya har ta fashe kafin a ƙirga ashirin. Ta ina ruwan ya bi? Ɗaya daga cikin maganganun biyu sai ta ba da hanya.

Ɗalibin Likitanci:
Ta furotin yake bi, Malam. Akwai wasu furotin masu rami a tsakiya da ake kira akwaforin, raminsu daidai da ƙwayar ruwa, suna barin ruwa ya wuce a jere ɗaya bayan ɗaya, suna hana masu caji. Peter Agre na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ne ya gano su, kuma ba su ya fita nema ba, yana binciken furotin na rukunin jinin Rh ne ya ci karo da wani baƙon furotin mai yawa a jikin jajayen ƙwayoyi. A 1992 aka sa ƙwan wani kwaɗo ya ƙera wannan furotin, aka jefa shi a ruwa mai ƙarancin gishiri tare da ƙwan da ba a taɓa ba. Wanda ke da furotin ya kumbura ya fashe, ɗayan ya zauna yadda yake. An ba Agre kyautar Nobel a 2003. Saboda haka ruwa ba ya ratsa man ko kaɗan.

Tsohon Malamin Kimiyya:
Jimlarka ta ƙarshe ta zarce gona da iri, ɗana. Ƙwayar ruwa ƙarama ce ƙwarai kuma ba ta da caji, tana silalewa ta tsakanin wutsiyoyin maiƙon, sai dai a hankali. Ga ƙwayoyi da yawa wannan ɗan silalen ya wadatar. Inda ake buƙatar ruwa mai yawa cikin gaggawa, kamar ƙoda da jajayen ƙwayoyin jini da saiwar tsiro, a nan ake jibge akwaforin. A hanji kuma akwai hanya ta uku, domin ruwa yana bi ta tsakanin ƙwaya da maƙwabciyarta. Don haka maganganun biyu duk suna nan daram, Malam: mai yana rage wa ruwa gudu, ga gishiri kuwa kusan katanga ce. Wannan bambanci shi ne dukan sirrin. Da gishiri yana wucewa yadda ruwa ke wucewa, da babu abin da zai ja ruwa zuwa wani ɓangare.

Mai Harhaɗa Magunguna:
Tun da an share fage, bari in ɗauko daga inda ɗalibinmu ya tsaya, domin SGLT1 rabin labarin ne. Tambayar da ya kamata a yi ita ce, me ke tura sodiyam ya shiga ƙwayar hanji tun farko? A ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin jiki sodiyam yana kai wajen milimol 140 a lita (milimol ma'aunin yawan sinadari ne), a cikin ƙwaya kuwa bai fi 10 zuwa 15 ba. Fotasiyam akasin haka ne, wajen 140 a ciki, 4 zuwa 5 a waje. Wannan rashin daidaito ba da kansa ya zo ba. Akwai wani furotin a tantani da ke aikin famfo dare da rana, yana fitar da sodiyam uku yana shigo da fotasiyam biyu, kowane zagaye kuma yana ƙona ƙwayar ATP ɗaya, wadda ita ce kuɗin cefanen ƙwayar halitta. Jens Skou na ƙasar Denmak ne ya gano shi a 1957 a jijiyoyin ƙaguwa masu kai saƙo, ya kuma sami kyautar Nobel a 1997. A ƙwayoyi da yawa wannan famfo kaɗai yana cinye kusan sulusin ƙarfin da ƙwaya ke samarwa, a ƙwayoyin jijiyoyi masu kai saƙo ma ya fi haka.

Yanzu a dubi ƙwayar hanji. Fuska biyu gare ta, ɗaya tana kallon abinci, ɗaya tana kallon jini, kuma furotin da ke wannan fuska ba su ne ke waccan ba. Famfon sodiyam yana fuskar jini, yana ta kwashe sodiyam daga cikin ƙwayar yana zubawa can. SGLT1 yana fuskar abinci. Tun da cikin ƙwayar kullum a yashe yake, sodiyam da ke hanji yana da matsin shiga, amma SGLT1 ba ya juyawa sai sodiyam biyu da gulukos ɗaya sun zauna a kansa tare. Sun shiga, famfo ya fitar da sodiyam zuwa ɓangaren jini, gulukos ya fita ta wani furotin daban mai suna GLUT2, kuloraid ya bi sodiyam saboda caji. Gishiri da sukari sun bar hanji sun koma ɓangaren jini ke nan, ruwa kuma ya bi su bisa ƙa'idar nan da Malama ta koyar. Ɗalibar ba ta yi kuskure a ƙa'ida ba. Abin da ba a gaya mata ba shi ne gishirin da sukarin ba sa zama a hanji. Robert Crane ne ya fara bayyana wannan haɗin gwiwa na sodiyam da gulukos a wani taro a birnin Prag a 1960.

Malamar Bayoloji:
Na gode, Malam, wannan ya shiga. Amma ga wata matsala ta aji. Manhajarmu ta raba shige da fice a tantani gida biyu, wanda ke cin ƙarfi da wanda ba ya ci. A wane gida zan sa SGLT1, tun da ka ce famfon ne ke ƙona ATP ba shi ba?

Ɗalibin Likitanci:
Ni dai a ganina ba ya cin ƙarfi, Malama, tun da sodiyam gangarowa yake yi daga inda yake da yawa zuwa inda yake kaɗan, kuma furotin bai taɓa ATP ba.

Mai Harhaɗa Magunguna:
Ƙanina, ka kalli sodiyam ka manta da gulukos. SGLT1 yana iya tara gulukos a cikin ƙwaya har ya fi na hanji yawa, ya kuma ci gaba da shigar da shi, wato yana hawa da shi tudu, hawa tudu kuwa ba ya yiwuwa kyauta. Gangarowar sodiyam ce ke biyan kuɗin, ita kuma gangarar famfo ne ya haƙa ta da ATP. Hujja a nan ita ce idan aka tsayar da famfon da guba irin su wabayin, shan gulukos a hanji yakan tsaya bayan ɗan lokaci, ko da yake gubar ba ta taɓa SGLT1 ba. Saboda haka masana suke sa shi a gidan masu cin ƙarfi, amma a mataki na biyu. Malama, idan manhaja ba ta ba da wannan gurbi ba, ki gaya wa yara gaskiyar yadda take, sa'an nan ki nuna musu abin da mai jarrabawa yake so su rubuta.

Ɗalibin Likitanci:
Hujjar gubar ta gamsar da ni, Yaya. Sai dai har yanzu ina ganin rabon gida biyun nan yana ɓatar da ɗalibi fiye da yadda yake shiryar da shi.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ina biye da ku tun ɗazu, kuma ina so in shigo da ciwon da ya sa wannan ilimi ya zama na ceton rai, wato kwalara, wadda kusan kowace damina sai ta leƙo wasu garuruwanmu. Ƙwayar cutar ba ta shiga jini, ba ta kuma yaga hanji. Dafi take fitarwa, dafin ya manne wa wani maiƙo mai ɗauke da sukari a saman tantanin ƙwayar hanji, wanda ake kira GM1, ya samu shiga ciki, ya sa ƙofar kuloraid mai suna CFTR ta buɗe ta ƙi rufuwa. Kuloraid ya dinga zuba cikin hanji, sodiyam ya bi shi, ruwa ya bi su. Babban mutum yana iya zubar da kusan lita guda a awa ɗaya idan abin ya yi tsanani, bayan gidan fari tas kamar ruwan wankin shinkafa. Za ka ga idanu sun faɗa, murya ta dushe, fatar yatsu ta yamutse, idan ka tsunkuli fatar ciki ta tsaya a tsaye ba ta koma ba.

Abin da ya cece mu shi ne dafin bai taɓa SGLT1 ba. Hanyar shan gishiri ta yau da kullum ta raunana, shi ya sa ruwan gishiri kaɗai yawanci wucewa yake yi ya fita, amma hanyar da ke haɗa shi da gulukos tana nan tana aiki. Gudawar ba ta tsayawa, mu dai muna mayar da ruwa ta wata ƙofa fiye da yadda yake fita ta waccan, har cutar ta ƙare kwanakinta. Wannan sai an yi wa iyaye bayani, domin uwa takan ce an ba yaro ruwan amma bai daina zawo ba, ta ɗauka maganin bai yi aiki ba ta daina bayarwa. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan ƙari na jijiya ya ƙare, sai wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka dinga haɗa ruwan gishiri da sukari a manyan durama, 'yan uwan marasa lafiya suna ba su da kofi. Mace-macen da ke kusan kashi 30 cikin ɗari suka sauko ƙasa da kashi 4 a wurin da yake aiki.

Malamin Aikin Gona:
Na janye maganar barin sukari, Sista. Amma ban janye goyon bayan yarinyar ba. Idan sukari ne mabuɗi, me zai hana a ƙara shi sosai, ko a ba yaro lemon kwalba wanda ya fi daɗin sha? Na san amsar da za ku ba ni ita ce maganar takina.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ita ce kuwa, Malam, kuma a nan ɗalibar ta yi gaskiya ɗari bisa ɗari. Furotin ɗin nan suna da iyakar abin da za su ɗauka a lokaci guda. Sukarin da ya wuce ƙarfinsu, ko wanda bai sami sodiyam da zai raka shi ba, yana zama a hanji ya jawo ruwa daga jiki. Lemon kwalba yana da sukari wajen giram 10 a kowane mililita 100, sodiyam kuwa kusan babu, don haka ƙara gudawa yake yi. Haka ma idan uwa ta zuba ƙunshin garin gishiri da sukari na asibiti da aka yi don lita guda a cikin ƙaramin kofi, wai don maganin ya yi ƙarfi. Irin wannan yaron ana kawo shi da ƙishirwa mai tsanani, wani lokaci har da jijjiga, saboda gishiri ya yi yawa a jininsa ya tsotse ruwan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa.

Mai Harhaɗa Magunguna:
Alƙaluman suna tabbatar da wannan. Kaurin narkakkun sinadarai a jini yana wajen miliosmol 290 a lita. Tsohon haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana rabawa yana da 311, da sodiyam milimol 90 da gulukos 111. A farkon shekarun 2000 hukumar da UNICEF suka koma wa sabon haɗi mai 245, sodiyam 75 gulukos 75, domin an ga ya fi rage yawan zawo da amai a yara. A lita guda ke nan akwai gishiri giram 2.6, gulukos giram 13.5, gishirin fotasiyam giram 1.5, da wani nau'in gishiri mai suna sitiret giram 2.9. A lura cewa sabon haɗin ya fi jini tsinkewa, wato tun kafin furotin su fara aiki ma ruwan yana da niyyar shiga jiki. Da tambayar ɗalibar ba ta da tushe, da ba a rage ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Akwai kuma yaran da ko wannan haɗin ba a ba su kai tsaye, su ne masu tamowa mai tsanani. Jikin da ya daɗe cikin yunwa yana rage wa famfon sodiyam gudu don tsimin ƙarfi, sai sodiyam ya taru a cikin ƙwayoyi, fotasiyam ya zube. Irin wannan yaro jikinsa cike yake da sodiyam ko da gwajin jini ya nuna ƙaranci, kuma idan aka ɗura masa gishiri da yawa zuciyarsa tana iya gazawa. Shi ya sa a cibiyoyin kula da tamowa ake amfani da wani haɗi daban mai suna ReSoMal, mai ƙarancin sodiyam da yawan fotasiyam, a ba shi kaɗan-kaɗan ana duba bugun zuciya da numfashi, sai fa idan kwalara ce ta kama shi, a nan a koma wa haɗin da aka saba. Wannan aikin asibiti ne, ba na gida ba.

Malamar Bayoloji:
Allah ya saka da alheri. Saura abu guda da ban ga inda ya shiga ba. Littattafanmu suna nanata cewa tantanin ba a daskare yake ba, yana da ruwa-ruwa, furotin suna yawo a cikinsa. Shin wannan yana da wani amfani ga abin da muke tattaunawa, ko haddar jarrabawa ce kawai?

Tsohon Malamin Kimiyya:
Yana da amfani ƙwarai, 'yata. Furotin irin su famfo da SGLT1 sai sun sauya siffa kafin su wuce da kaya, kuma ba za su iya motsi a cikin abin da ya sandare ba. A da an ɗauka furotin shimfiɗe suke a saman maiƙon ciki da waje, kamar yadda Davson da Danielli suka zana a 1935, kuma wannan zane ya yi shekaru fiye da talatin a littattafai. A 1970 Frye da Edidin suka haɗe ƙwayar ɓera da ta ɗan Adam suka zama ɗaya, bayan sun yi wa furotin kowacce alama da launi daban. Da farko launukan suna rabe, rabi da rabi, amma cikin minti 40 sun gauraye, kuma da aka sanyaya ƙwayar sai gaurayar ta yi jinkiri. A 1972 Singer da Nicolson suka fito da bayanin da ake koyarwa yau, cewa furotin a nutse suke cikin maiƙon, wasu sun ratsa shi daga fuska zuwa fuska.

Taushin kuwa ya dogara da irin wutsiyoyin. A dubi man shanu da man gyaɗa da sanyin hunturu: na shanu ya daskare domin sarƙoƙinsa miƙaƙƙu ne suna matsuwa da juna, na gyaɗa yana nan yana zuba domin sarƙoƙinsa suna da lanƙwasa. Tantani yana cakuɗa iri biyun, sa'an nan a jikin dabbobi kolestirol yana shiga tsakani, ya hana shi yin ruwa da yawa a zafi, ya hana shi sandarewa a sanyi. Masu zagin kolestirol ba dare ba rana su san cewa babu ƙwayar jikinsu da ba ta da shi.

Saboda wannan taushi ne ƙwaya take iya ƙara ƙofofi ko rage su gwargwadon buƙata. Mai azumi da rana tsaka, jininsa ya ɗan yi kauri, sai ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin basofiresin, shi kuma ya sa ƙwayoyin ƙoda su ɗauko akwaforin da suka ajiye a 'yan jakunkuna na tantani su haɗe su da fuskar ƙwaya. Ruwa ya koma jini, fitsari ya ragu ya yi ja. Bayan an sha ruwa sai a janye su ciki. Ƙoda tana tace wajen lita 180 a yini, abin da ke fita fitsari bai fi lita ɗaya da rabi ba. Insulin ma haka yake yi da GLUT4, furotin da ke shigar da gulukos cikin ƙwayoyin tsoka, kuma raunin wannan amsawa yana cikin tushen ciwon sukari nau'i na biyu.

Malamin Aikin Gona:
Tambayata ta ƙarshe ta ƙauye ce. Inda babu ƙunshin asibiti a kusa, sukarin shayi zai yi aikin gulukos? Kunu fa, ko ruwan dafaffiyar shinkafa?

Mai Harhaɗa Magunguna:
Sukarin shayi zai yi, Malam, domin a saman tantanin hanjin akwai wani furotin da ke raba shi gida biyu, gulukos da furuktos, gulukos ɗin ya tafi ga SGLT1. Ma'aunin gida da aka fi sani shi ne ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri, a lita guda ta ruwa mai tsabta. Kunu mai ruwa-ruwa da ruwan shinkafa da aka ɗan sa wa gishiri su ma suna taimakawa, har suna da wata fa'ida, domin sitaci doguwar sarƙa ce ta gulukos da ba ta jan ruwa sosai, kuma hanji yana yanka ta a hankali daidai yadda furotin za su iya ɗauka. Amma haɗin gida ba shi da fotasiyam da sitiret, kuma hannu yana saurin yin kuskure a awon gishiri, saboda haka na tafiya ne kafin a kai ga ƙunshin. Idan an samu ƙunshin a karanta adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, a zubar da abin da ya kwana ya wuce awa 24, a haɗa wa yaro da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, uwa kuma ta ci gaba da ba da nono. Wanda ba ya iya sha, ko yake amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya fara suma, a garzaya da shi asibiti domin ruwan jijiya yake buƙata.